Shekarar da Na Mai da Janar Ɗan Aikena

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi, kamar yadda direban tasi yake kewaye titin da ya san ɗan sanda ya laɓe. Na ba ku labarin Maraɗi, na ba ku na fataucin Legas, na ba ku yadda na shigo Amurka da Turancin da bai isa sayen burodi ba. Saura wanda kuke ganin kun fi sani. Hadiza da Bashir, da ku jikokina da sai an fassara muku: duk ranar Sallah in an ci an ƙoshi, sai wani ya ce a ba da labarin lokacin da Baba Garba yake shiga Washington yana hira da gunki. A yi dariya, ni ma in taya ku, har in miƙe in kwaikwayi yadda nake rusuna wa mutumin tagulla. Ni na mai da shi abin dariya da kaina, don na san abin da aka riga aka yi wa dariya ba a cika tona shi ba. Yanzu likita ya hana ni gishiri ya hana ni tuƙi, lokaci ya yi mini yawa. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, kafin malamin ya gaji da ni, saboda haka rubutun nan kamar kaza ce ta taka tawada. Ku yi haƙuri ku bi sawunta.

Sai na fara da abin da ku haifaffun nan ba ku taɓa ganewa ba. A wurinmu, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi a gaban jama'a, ba ya yabonsa, ba ya kallonsa ido cikin ido ya yi masa magana in da wani a kusa da zai iya aikawa. Kunya ce, kuma da ita ake auna mutum. Abin da ka fi so shi kake ɓoyewa daga baki da ido. Ranar da wana ya rasu, shi ne ɗan farin mahaifina, tsohon yana zaune yana tufkar igiya. Da masu jana'iza suka dawo sai ya ce, “An kai shi?” Aka ce an kai. Ya ci gaba da igiyarsa. Shekara da shekaru ana ba da labarin nan a unguwarmu ana cewa ga namiji. Ni ne kaɗai na ga igiyar daga baya, duk ta karkace, ba ta ɗaure ko akuya. Da irin wannan tarbiyya na haifi yayanku. Ranar sunansa kakansa ne ya raɗa wa liman sunan, ni kuwa na gudu kasuwa na wuni a rumfar wani mai gyaran keke. Da muka kawo shi ƙasar nan yana ƙaramin yaro, duk ofishin da aka tambaye ni sunansa sai in ɗora yatsa a kan takarda. Su ɗauka rashin Turanci ne. Jahilci ma yana da ranarsa.

A gidanmu na hawa na tara a Alexandria, uwarku Rabi ce wayata, ni kuma ni ne tata, domin ita ma ɗan farinta ne. Yana zaune a gabanmu zan ce mata ta gaya wa yaron nan ya rage talabijin, ita kuma ta juya ta ce da Hadiza ta gaya wa wancan. Saƙo ya zagaye falo kafin ya isa inda hannu zai iya kaiwa. Da yana ƙarami dariya yake yi. Da ya girma ya daina, ban lura da ranar da ya daina ba. Ranar da ya gaya mana ya shiga soja, muna cin tuwon semo ne, yaƙin Iraƙi kuwa kullum yana talabijin. Ya faɗa da Turanci, kamar yadda kuka saba amsa mana. Na ajiye lomar da ke hannuna na dubi uwarku.

“Ki gaya wa yaron nan, ni ban haye teku don in kai wa wani janar nama ba.”

“Baba,” in ji shi, “ga ni nan zaune.”

“Ki ce masa na ji.”

Ya jira. Na san jira yake, domin ya ajiye cokali ya ɗora hannuwansa a kan tebur. Ni kuwa na ɗauki lomata na ci gaba. Ya tafi.

Ya je ya dawo, ya sake komawa, ya sake dawowa. A dawowa ta biyu ya zo da lambar yabo ta waɗanda aka jikkata, da wani tabo da ya taso daga wuyansa ya shige cikin gashi. Jiki ya dawo, amma kamar gidan da masu haya suka tashi. Ba ya shiga lif, sai ya taka bene har sama. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango yana kallon ƙofa. In mai shara ya buga kwandon ƙarfe a ƙasa, sai ka gan shi a bayan kujera. Asibitin sojoji suna ba shi magani suna kiransa zama da likita, wani lokaci ya je, wani lokaci ya ce ya manta. Ni kuma ina aika masa da rubutun sha ta hannun uwarsa, ita kuma ta hannun Hadiza. Abin ya fashe ne ranar Babbar Sallah, a wata gona bayan Manassas inda mutanenmu suke zuwa yanka. Ni da dabarata na ce a tafi da shi ya sha iska cikin 'yan'uwa. Ana cikin fiɗa wani ya hura wuta ya fara babbake kawuna da ƙafafu. Da ƙaurin gashin nan ya taso, sai na ga yaron ya tsaya cak da wuƙa a hannu. Ya sunkuya ya ajiye ta a hankali a kan ciyawa, kamar mai ajiye ƙwai, ya juya ya bi hanyar fita. Na ce da Bashir ya bi shi ya ce masa ya dawo. Kafin Bashir ya wanke hannu ya yi nisa. Bai kwana gida ba ranar, bai kuma sake kwana ba.

Hadiza ta neme shi ko'ina, asibiti da ofishin 'yan sanda da gidajen abokansa. Uwarku ta daina cin abinci sai shayi, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi inda yake ba. Sai dai ta ce, “An ji wani labari?” kamar maganar farashin shinkafa take. Wanda ya gano shi Alhaji Sani ne, abokin tuƙina, mutumin Damagaram, wanda muke layin jiran fasinja tare a gaban wani babban otal a tsakiyar Washington. Ya ja ni bayan motarsa ya ce:

“Garba, yau ka ajiye iskancinka ka saurare ni. Na ga yaronka. Yana lambun Janar.”

Lambun nan na san shi kamar tafin hannuna, don kullum ina wuce shi da fasinja. Wani babban janar ne na ƙasar nan da ya ja rundunarsu a yaƙin duniya, suka yi masa mutum-mutumi na tagulla a kan dutse mai sheƙi. Ba zan rubuta sunansa ba, an sassaƙa masa shi da haruffa kamar tsawon hannuna, ya ishe shi. Yana tsaye ya fi mutum biyu tsawo, takalmansa har gwiwa, abin hangen nesa a hannu ɗaya, ƙirjinsa jere da lambobi kamar teburin mai koli. A bayansa akwai bango da aka rubuta garuruwan da ya ci. Mu direbobi muna ce masa Maigida, don shi kaɗai ne a garin yake tsaye wuni guda ba a ba shi takardar tara. Tantabaru kuwa ba su san girma ba, hularsa kullum fara fat. A ƙasansa akwai bencuna, kuma a bencunan nan tsofaffin sojoji marasa gida suke kwana da barguna da jakunkunansu. Na sha nuna wa fasinja su ina cewa ga Janar ga rundunarsa, har yanzu ba a sallame su ba. Suna dariya suna ƙara mini na goro. Yanzu ɗana ya shiga rundunar.

Abin da ke gabana ɗaya ne: in dawo da shi gida kafin sanyi ya sauka, don a lokacin ganye ya fara ja yana zuba. Na yi abin da duk mutumin kirki na garinmu zai yi, na tura manya. Alhaji Sani ya je, yaron ya gaishe shi da ladabi ya karɓi kilishin da ya kai masa, bai tashi ba. Limaminmu ya je, ya yi masa nasiha mai tsawo, yaron ya ce amin, bai tashi ba. Hadiza ta je ta yi kuka ta dawo ta tsaya a kaina, ta zuba mini Turancin da ko rabinsa ban kama ba, sai ƙarshensa da ta juye Hausa don ya shiga:

“Baba, kowa ka aika. Kai ƙafarka ta karye ne?”

Na ce mata ƙafata lafiya lau, bakinta ne yake neman karaya. Amma washegari na ajiye tasi na shiga lambun. Yana zaune a bencin da ke fuskantar Janar, gemu ya cika masa fuska, yana sanye da tsohuwar rigar sojansa. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta hagunsa, na bar wurin mutum biyu a tsakaninmu. Na ajiye kwanon dambun da uwarsa ta ba ni ba tare da ta ce na wane ne ba. Sai na ga matsalar da ban yi tunaninta ba tun daga gida: babu Rabi, babu Hadiza, babu kowa. Na duba hagu na duba dama. Mutum ɗaya ne kawai a wurin da ya isa a aika, ga shi tsaye ba ya aikin komai. Na ɗaga kai na gyara murya, na ɗaga ta sosai saboda ƙarar motoci.

“Ranka ya daɗe, Janar. Ina wuni. Don Allah ka gaya wa yaron nan uwarsa ba ta cin abinci.”

Na ɗauka ma zai tashi ya bar ni. Can sai na ji wani sauti daga hancinsa, irin dariyar da ta daɗe a ajiye har ta yi tsatsa. Shi ma ya ɗaga kai ya dubi mutumin tagulla, ya yi magana da Hausa. Hausar da ya baro Maraɗi da ita ce, ta ƙaramin yaro, a bakin ƙaton mutum mai gemu.

“Janar, ka ce masa ta ci. Ka ce ni ina ci.”

Haka muka fara. Kusan kullum bayan azahar sai in bar layi in je. In gaida Janar, in tambaye shi gajiyar tsayuwa, in ba shi saƙo. Wani lokaci amsa ta dawo, wani lokaci ba ta dawowa, ni kuma in ce fushi ne. Ta bakin Janar na ji abubuwan da ban taɓa ji ba. Na ji cewa a ɗakinsa na gida bango yana matsowa in ya rufe ido, a nan kuwa yana ganin duk hanyoyin da mutum zai iya ɓullowa. Na ji cewa motar da ke gaban tasu ce ta taka bam, da abokinsa a ciki, kuma shi ne ya fara isa wurin. Bai ƙara a kan haka ba, ni ma na gane maganar gonar Manassas. Ta bakin Janar ni ma na faɗi abin da ba zan iya faɗa a falo ba, cewa duk tsawon zamansa a can ban taɓa kunna rediyon mota ba, don kada in ji labari ina ɗauke da fasinja. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar mu hoto. Wata rana wani ɗan sandan lambu ya tsaya ya tambayi yaron ko tsohon nan yana damunsa. Ya ce masa a'a, mahaifinsa ne, da Janar yake magana. Ɗan sandan ya dube ni ya dubi gunkin, ya ce mu wuni lafiya. Wannan shi ne wurin da kuke dariya. Ni ma a lokacin na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce Garba ka iya, ka samu hanyar da za ka ci tuwo ba ka taɓa miya ba. Sai dai duk ranar da na ce Janar ya ce masa ya tashi mu tafi gida, saƙon nan ba ya dawowa da amsa.

Ranar tunawa da tsofaffin sojoji, cikin Nuwamba, na tarar lambun ya cika. An wanke wa Janar hula. Ga masu busa, ga tutoci, ga tsofaffi a kekunan guragu da lambobinsu a ƙirji. An matsar da masu kwanan benci gefe, muka tsaya can baya kusa da shinge. Wani hafsa ya hau mumbari ya kira sunan Janar cikakke, da muƙamansa, da yaƙe-yaƙensa, kamar maroƙi a gidan biki, aka ajiye furanni a ƙafafunsa. Da aka watse muka koma bencinmu. Yaron ya daɗe yana kallon furannin, sannan ya yi magana, a hankali, yana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

“Janar, kai ka mutu tun da daɗewa, ga shi har yau ana kiran sunanka. Ka tambayi mutumin nan ko ya san nawa.”

Na ji abin ya soke ni, amma kun san halina, in an taka ni sai in yi wasa.

“Janar, ka ce masa ni na sayi ragon sunan.”

“Ka ce masa ragon na gode.” Ya kama aljihun rigarsa, wurin da aka ɗinka wani ƙyalle mai rubutu. “Ka ce masa ya karanta nan, ai ya iya wannan. Garba. A soja da sunan uba ake kiran mutum. Safe da yamma Garba, Garba. Da aka ɗauke ni a ƙasa jini na zuba, Garba suke kira don kada in yi barci. Ni na ɗauki nasa a ƙirjina har can. Shi bai taɓa ɗaukar nawa a bakinsa daga nan zuwa nan ba.”

Ya nuna ɗan filin da ke tsakaninmu a benci.

“Ka ce masa ba na son dambu. Ya kira ni, in tashi.”

Ga kuɗin fansa an faɗa, kuma ba tsada. Kalma ɗaya. Ku da kuke kiran kowa da sunansa, har malamanku na makaranta, za ku ce me ya hana. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ji kamar an ce in tuɓe wando a tsakiyar kasuwa, mahaifina na zaune yana kallo da igiyarsa. Na ce da Janar ya ce masa lokacin la'asar ya yi, na tashi. A mota na rufe gilashi na gwada ni kaɗai, harshena ya ƙi. Na gaya wa uwarku abin da ya nema, ta rufe fuska da mayafi ta ce, “Wane irin yaro ne wannan,” ta shige ɗaki, na ji ta kunna famfo ta daɗe ba ta kashe ba. Na gaya wa Alhaji Sani, ya ce:

“Kai da ka zagi kwastan a Legas da sunan uwarsa, sunan ɗanka ne ya fi ƙarfinka? Nan ba Maraɗi ba ne, Garba. Wa zai ji ka?”

Na ce ni zan ji.

Sai na sake yin dabara, ita ce dabarar da na fi kowa sanin farashinta. Na ce a raina akwai ɗan aiken da ba a mayar da shi hannu banza, shi ne sanyin garin nan. Yaron da aka haifa a Maraɗi ba zai iya hunturun Washington a kan benci ba. In ya ji jiki zai taso da ƙafarsa, ya dawo gida, in riƙe kunyata shi ya riƙe ransa, kowa ya ci riba. Na ci gaba da zuwa, na kai bargo na kai safa, ina ba Janar labarin duniya. Amma tun daga ranar furannin Janar bai sake kawo mini amsa ba. Disamba ta wuce, Janairu ta wuce. Motocin da ke kwashe marasa gida zuwa masauki in sanyi ya tsananta suna zuwa, abokan bencinsa suna shiga, shi ya ce ba ya kwana inda ba ya ganin ƙofa. Na ga ya fara tari. Na ga ya fara ɗingishi in ya tashi. Na ce to, saura kaɗan. Na manta ɗan wa ne. Taurin kan da nake jira ya karye, nawa ne na ba shi.

Sai aka yi dusar ƙanƙarar da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ta rufe motoci har rufinsu, aka rufe tituna, jirgin ƙasa ya daina zuwa unguwarmu. Muna sama a hawa na tara muna kallon duniya ta zama fara. Hadiza tana ta buga wa masaukai waya, ana ce mata ba a gan shi ba. Uwarku ta shimfiɗa darduma a bakin taga ba ta naɗe ta ba. Ranar da aka fara buɗe hanya na fita da sassafe, na taka har inda jirgi yake aiki, na sauka cikin gari na ƙarasa da ƙafa, ina nutsewa har gwiwa. Lambun babu kowa. Janar ya yi rawanin ƙanƙara, lambobinsa duk sun rufe. A bencinmu akwai wani tudu da shuɗiyar leda ta leƙo daga ƙasansa. Na share da hannuwana. Yana zaune a ciki, ya naɗe cikin barguna, idonsa a buɗe, leɓɓansa sun yi toka. Yana numfashi.

Na zauna a wurina na kullum, ta hagunsa. Na ɗaga kai don in gaida ɗan aikena, har na ce “Ranka ya daɗe,” sai na ga abin da nake yi. Tsoho da furfura, ɗansa na mutuwa a gefensa, yana gaida ƙarfe. Na sauke kaina. Na matsa har kafaɗata ta kusa taɓa tasa. Na rufe ido kamar mai shan maɗaci, na faɗi sunan, can ƙasa.

Bai motsa ba. Bai ko ƙifta ido ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na ce shi ke nan, na kawo kuɗin bayan an tashi kasuwa. Na kama hannun rigarsa na girgiza. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, a hankali, ya dubi bakina.

“Magana ka yi?”

“Na yi.”

“Da ni?”

“Da kai.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya fito da hannu daga bargo ya taɓa kunnensa na hagu, wajen tabon.

“Wannan ya mutu tun can. Sai an yi ihu. Rabin saƙonka ma Janar ne ya cinye. Zagayo.”

Shekaru yana gidana da mataccen kunne ban sani ba. Ta ina zan sani, ni da ban taɓa yi masa magana ba? Na tashi na zagaya bencin, ina faɗuwa ina tashi cikin ƙanƙara, na durƙusa ta damansa. Wannan karon idona a buɗe, nasa ma a buɗe, babu inda zan ɓuya.

“Lawali,” na ce. “Tashi mu tafi gida.”

Ya lumshe ido. Yaron da duk rayuwarsa Turanci yake amsa mana da shi, ya ce:

“Na'am, Baba.”

Ya dafa benci zai tashi, ya kasa. Ya sake gwadawa, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Na goya shi, ni da ban taɓa goya shi yana jariri ba, na ja mu zuwa bakin titi inda motar asibiti za ta iya tsayawa. A asibiti sai da suka yanka takalmin kafin ya fita. Ban so in gani ba, amma na gani. Likitar ta yi mini bayani a hankali don in gane, ta ce wani tsohon rauni ne ya ruɓe, sanyi ya ƙarasa shi, ta ce da an zo da shi ko da farkon hunturu ne da magani ya isa. Ba ta san da wa take magana ba. Suka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Na roƙe su suka ba mu, ni da Alhaji Sani muka naɗe ta a farin ƙyalle muka kai maƙabartar Musulmi muka binne, ƙasa ta daskare har sai da aka kawo injin haƙa. Babu dutse, babu rubutu.

Bayan makonni aka sallame shi. Ranar ya yarda ya shiga lif, don babu yadda zai yi, ya riƙe sandunansa yana kallon ƙasa har muka kai. Na buɗe ƙofa. Uwarku tana tsaye a zaure, ta yi wanka ta sa sabon zane, ƙanshin miyar kuka ya cika gidan. Ta dube shi sau ɗaya daga sama har ƙasa, har inda wandon yake naɗe da fil, ta kawar da kai ta dube ni.

“Ka ce masa sannu da zuwa.”

“Na ajiye wannan aikin, Rabi,” na ce. “Ga ki ga shi.”

Leɓɓanta suka motsa. Muka jira, ni da shi da Hadiza a bayanmu. Ba ta iya kiran sunan ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta iya ba, shi ma bai taɓa nema a wurinta ba. Sai ta durƙusa a gabansa, a nan bakin ƙofa inda muke jera takalma bibbiyu. Ta kwance masa igiya da hannunta, ta zare takalmin a hankali, ta miƙe da shi. Ta dubi jerin, ta dubi wanda ke hannunta. Ta tsaya riƙe da shi a ƙirji, ta rasa inda za ta ajiye.